Akuyar da Ta Bi Muktar Zaure

A daminar 1998 wani alƙali a Bungudu ya yanke wa Muktar ɗaurin wata shida kan satar awaki, karo na uku ke nan. Mai unguwa Malam Sabiru ya tsaya masa, aka sake shi bisa sharaɗi biyu: kullum da hantsi ya kai kansa zauren mai unguwa, kuma duk ranar da aka gan shi da akuyar wani, sai gidan yarin Gusau.

Kwana goma sha tara yana cika sharaɗin. Ran na ashirin, yana tafe sai ya ji kofato a bayansa. Jar akuya ce, da guntuwar igiya a wuya. Ya kore ta, ta dawo. Ya ƙara sauri, ta ƙara. Tare suka shiga zaure, mai ita, Inna Tambaya, tana biye tana haki.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe! Har gabanka ya kawo ta!"

"Haba Inna," in ji Muktar, "wane ɓarawo ke kawo kaya gaban mai unguwa?"

"Wanda ba shi da kunya."

Malam Sabiru ya lura akuyar ba ta ɗauke hancinta daga rigar Muktar ba. Ya ce, "Zazzage aljihunka."

Muktar ya kama aljihun rigarsa. Ya zazzage, dusa da garin kanwa suka zubo, irin abin da yake jan awaki da shi a da.

"Wallahi tsohon saura ne, Baba. Rigar ke nan gare ni."

Mai unguwa ya dubi igiyar da ke wuyan akuyar. Tun da shuka ta fito aka yi shelar a ɗaure dabbobi, amma kullum manoma na kawo masa ƙarar awaki sun cinye musu gero.

"Inna, akuyarki ta tsinke igiya cikin damina. Wa za mu kai Gusau, shi ko ita?"

Inna Tambaya ta gyara mayafi.

Washegari Malam Sabiru ya je wurin alƙali, aka gyara sharaɗin. An yarda a ga Muktar da akuya, muddin gidan mai ita ya nufa. Aka ba shi aikin kamo duk wadda ta shiga gona.

Kafin a yanke gero ya mayar da awaki sau arba'in da ɗaya. Bakwai daga ciki jar akuyar Inna Tambaya ce.