Bututun Bayan Ɗaki

Sugeng ya cika shebur da dusar ƙanƙara, ya tsaya yana neman inda zai zuba. An hana zubawa a titi. Ta hagu kuma gidan tsohuwa Kudo ne, wadda ba ta taɓa amsa gaisuwarsu ba. Wata biyu ke nan da zuwansa garin Aomori daga tsibirin Jawa, don aikin gonar tuffa, kuma kwana huɗu ana zubar abin nan har ya kai masa ƙirji.

Abokin ɗakinsa Parjo, wanda yake kira Mas, wato yaya, ne ke kwashewa kullum, shi da ya shekara uku a nan. Yau zazzaɓi ya kwantar da shi. Daga cikin bargo ya ce wa Sugeng ya je ya motsa jiki, ko ya daina rawar sanyi kamar kazar da ta faɗa rijiya.

A bayan ɗakin Sugeng ya ga wani ɗan bututu ya leƙo daga bango, yana fitar da iska mai ɗumi daga hitar kananzir da ke ɗumama musu ɗaki. Ya kara hannu, ya ji daɗi. Ashe ɗumin da suke nema waje yake gudu. A garinsu toka ake rufa wa garwashi don kada ya mutu. Ya binne bututun, ya daddanna da bayan shebur, ya koma ciki.

Ya ɗora shinkafa. Can kansa ya fara sarawa. Ya tambayi Parjo ko zai sha shayi, bai amsa ba.

"Mas Parjo, barcin ya isa haka, sarkin ragwaye."

Ya girgiza shi. Kan Parjo ya langaɓe gefe.

Sai ga tsohuwa Kudo ta turo ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba. Ta tagarta ta hango tulin da ya yi, ta san hayaƙin hitar mai guba ya koma cikin ɗakin. Ta kashe hitar, ta buɗe tagogi duka, ta nuna masa ya kama ƙafafun Parjo. Suka ja shi bakin ƙofa. Ta zaga baya tana tono da hannu, tana faɗa da yaren da Sugeng bai tsinci komai a ciki ba.

Parjo ya yi amai a kan dusar, ya buɗe ido. Ya ji tsohuwar tana tono a baya, wajen bututun.

"Kai ka rufe shi?"

"Ɗumi ne yake fita, Mas."

Parjo ya rufe ido. Tsohuwar ta tafi kiran motar asibiti. Sugeng ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa masa, ya zauna a kan dakali da 'yar shara, dusar tana sauka a wuyansa.