Hannun Mai Fenti a Kwalin Sabulu

A kantin bakin layi Auta ta ga hannun mahaifinta. Ashana ta shiga saye, sai idonta ya faɗa kan wani sabon kwalin sabulu. Da jan fenti aka rubuta sunan, irin rubutun allunan shago na dā. Ta ɗauko kwalin ta matso da shi kusa da ido. A ƙarshen kowane harafi layin yana tsagewa biyu, siriri a hagu, mai kauri a dama.

Buroshi ɗaya ta sani mai wannan tsagewar. Gashinsa ya rabu tun ranar da tayar keke ta taka shi, Baba kuma ya ƙi jefar da shi.

"Saye za ki yi, ko karatu kika zo?" in ji mai kanti.

Ta saya.

Mai Fenti ake ce wa Baba. Shi ya rubuta allunan teloli da masu aski da masu gyaran rediyo, da bayan manyan motoci. A shekararsa ta ƙarshe, da hannunsa ya fara rawa, Auta ta zaunar da shi ta shimfiɗa masa fararen takardu. Ta sa shi ya yi ta dangwala baƙin fenti da kowane buroshi da ke cikin gwangwaninsa. Yana yi yana mita, wai an mayar da shi ɗan aji ɗaya. Ta ɗauki hoton takardun da na'urar sikana, ta goge datti, ta yanke kowane tabo ta mayar da shi bakin buroshi a manhajar zane. Wannan shi ne mai sauƙin. Wuyar tana wajen saiti: yadda layi zai yi kauri in an danna alƙalami, yadda zai sirance in an sassauta, tazarar tabo da tabo, da yadda fenti zai yanke a tsakiyar ja kamar gashin ya bushe. Ta yi ta gyarawa tana nuna masa, yana cewa bai yi ba. Ranar da ya yi, ya ja layi ɗaya ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɓarawon ya iya," ya ce, yana nufin buroshin manhajar.

A kwamfutar shagon Yaya ta yi duk aikin, don a can take aiki a lokacin. Yaya shi ne babban wansu, mai shagon buga takardu da zanen talla. Wasan yara yake kiran abin. Bayan rasuwar Baba ya ce shago ba zai ɗauki masu zane biyu ba. Ya riƙe ƙanin matarsa, ya sallami Auta. Ta kwafi buroshin a filashi ta fita, amma asalin fayil ɗin ya zauna a kwamfutar.

Da ta koma gida da sabulun, ta nemo shafin kamfanin a waya. Akwai bidiyo. Ga Yaya nan da sabuwar hula, yana tsaye gaban ƙaton kwali.

"Waɗannan buroshi ni na ƙirƙire su da hannuna," yake cewa. "Na daɗe ina nazarin tsohon rubutu."

Ta kalla har ƙarshe. Ko sau ɗaya bai ambaci Baba ba. Ba ta kira shi ba, ba ta gaya wa Inna ba. Ta ci gaba da zanen katunan biki da take karɓa a gida, tana jira, ko da yake ba ta san me take jira ba.

Shi ya kawo kansa. Wata la'asar ta ji tsayawar motarsa, ta ji yana gaida Inna da murya mai laushi. Sai ga shi a ƙofar ɗakinta, tabilet a hammata.

"Autar Inna. Aiki ya ɓoye ki, ba a ganinki."

"Ina nan inda ka ajiye ni, Yaya."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna a bakin gado ya yi bayani a gurguje. Kamfanin sabulu suna so duk kayansu su koma wannan rubutu. Za su sayi buroshin, su zama nasu su kaɗai, shi kuma ya zama mai duba musu duk wani zane. Amma ma'aikatansu a tabilet suke aiki, da wata manhaja daban. Dole sai ya miƙa musu buroshin suna aiki a tasu kafin a sa hannu.

"Mun fitar, mun shigar. Duba abin da yake ba mu."

Ta karɓi alƙalamin ta ja layi. Maimakon layi, sai jerin baƙaƙen akwatuna suka fito, wani kan wani. A tsakiyar kowanne akwai farin rami, daidai siffar tabon Baba.

Nan take ta gane. A manhajar kwamfutar shago baƙi shi ne fenti, fari kuwa ba komai. Ta tabilet ɗin akasin haka take karantawa. Ba su juya launin ba, sai manhajar ta shafa fenti a takardar ta bar hannun Baba fayau. Ko da sun juya, saitin ba ya bin fayil ya ƙetara. Sai an sake gina shi daga tushe.

Ba ta gaya masa ko ɗaya ba.

"Surukin naka bai iya ba?"

"Ya ce fayil ɗin ne ya lalace."

"Ikon Allah. Ba kai ka ƙirƙira da hannunka ba? Ko hannun ne ya lalace?"

"Auta, ki kiyaye harshenki. Ba sa'anki ba ne ni."

"Hular ta yi maka kyau a bidiyon."

Inna ta ɗaga labule. Tun ɗazu tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana sharar inda aka riga aka share.

"Ke, wane irin gori ne wannan? Yayanki ya tako har ɗakinki."

"Zan gyara, Inna. Abu ɗaya nake so. Ya gaya wa kamfanin hannun wane ne. A rubuta Mai Fenti a jikin kwalin, ko da ƙanana ne."

Yaya ya yi tsaki. "In koma in ce musu ƙarya na yi? Su kore ni? Baba ya riga mu gidan gaskiya. Suna a kwalin sabulu ba zai ƙara masa lada ba. Addu'a yake buƙata."

"Kana yi masa?"

"Inna, kina jin ta ko?"

Inna ta jingine tsintsiyar. "Ki yi don ni. Yana da iyali, 'ya'yansa 'ya'yanki ne. Gadon uba ai na kowa ne."

Auta ta dubi akwatunan da ke kan tabilet ɗin. "Na kowa ne?"

"Na kowa."

"To, Inna. Ya bar min tabilet ɗin."

Ta yi aikin da gaske. Ta ciro ainihin takardun Baba daga ƙarƙashin katifa, ta sake ɗaukar su, don hoton ya fi na farko kyau. Ta juya kowane tabo, baƙi ya koma fari. Sabuwar manhajar tana da nata hali. Danna kaɗan sai ta zubar da fenti, don haka ta rage mata ƙarfi. Tazarar da ta yi daidai a kwamfuta a nan tana barin ɗigo-ɗigo, ta matse ta. Tsagaggen buroshin ne ya fi ba ta wuya, don bakinsa ya ƙi bin inda alƙalami ya nufa, siririn gefen yana komawa dama. Ta yi ta juya kusurwar har ya dawo hagu.

Da ta gama na tabilet ba ta tsaya ba. Ta je wurin wata ƙawarta mai zanen littattafan yara ta ari kwamfutarta, ta gina na manhajar da ke ciki. Ta gina na wadda ɗalibai ke saukewa kyauta. Ta gina har na waya, wanda masu haɗa fosta a bakin titi ke amfani da shi. Kowane buroshi ta sa masa suna: Mai Fenti Tsagagge, Mai Fenti Busasshe, Mai Fenti Na Bayan Mota. Ta haɗa da hoton Baba a durƙushe kan takardun, fenti har gwiwar hannu.

Ranar sa hannu Yaya ya biyo da safe. Ya ja layi a tsaye, layin ya tsage biyu a ƙarshe. Ya ja wani, ya yi dariya.

"Kai, Auta! Allah ya yi miki albarka. Bari a gama, za ki ga abin da zan yi miki."

"Allah ya ba da sa'a, Yaya."

Inna ta raka shi har mota da addu'a. Auta ta yi wanka, ta karya, ta ba shi lokacin da zai isa ya zauna a kawo masa ruwa. Sannan ta buɗe guruf ɗin masu zane na gari a wayarta. Kowa yana ciki, daga masu manyan ofisoshi har masu teburi ɗaya da firinta. Ta san masu zanen kamfanin sabulu ma suna ciki. Ta tura fayilolin duka, da hoton, ta rubuta a ƙasa:

"Buroshin mahaifina, Mai Fenti. Shi ya dangwala, ni na haɗa. Kyauta ne, kuma akwai na kowace manhaja. Kada a cire sunansa."

Ta kife wayar ta koma kan katin bikin da take yi. Wayar ta yi ta rawa a kan tebur.

Kafin azahar ya dawo. Bai yi sallama ba. Hular tana hannunsa a murɗe.

"Ina take? Ina munafukar?"

"Ga ni, Yaya."

"Muna zaune! Manajar ta riga ta buɗe biro! Sai wata mai zanensu ta miƙa mata waya. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce, wannan dattijon kai ne? A gaban kowa!"

"Me ka ce mata?"

Ya ɗaga hannu. Inna ta shiga tsakani, ya sauke.

"Sun ce ba za su sayi abin da ke wayar kowane ɗan tasha ba. Sun ce ko kwalin da na yi musu za su canza. Kin ji daɗi?"

"Na ji."

Inna ta juyo. "Na ce ki yi don ni."

"Na yi, Inna. Buroshinsa yana aiki, ya gwada a gabanki. Ke kika ce na kowa ne."

"'Yan ɗaki ɗaya nake nufi, kin sani."

Auta ta sani. Ba ta musa ba.

Inna ta daina yi mata magana sai abin da ya zama dole. Matar Yaya ta hana yara zuwa. Labari ya bi shaguna, wasu masu ba shi aiki suka janye, har ya sallami surukin nasa. Duk wanda ya kawo wa Auta labarin, tana saurara har ƙarshe, ta tambayi abin da ya rage.

Rubutun kuwa ya cika gari. Ta gan shi a allon mai sayar da taya, a fostar wa'azi, a rigunan 'yan ƙwallo. Ta gan shi a tallan maganin basir, an manna a jikin turken lantarki, an matse haruffan har sun hau juna.

Wata Juma'a Yaya ya zo gaida Inna. Ya rame. Auta tana falo tana guga, ba ta tashi ba. Da zai fita ya tsaya a kanta, ya ajiye wayarsa a kan teburin gugar.

"Duba. Wani ya turo min jiya, wai in gwada, sun fi nawa kyau."

Ta duba. Fayilolinta ne. Sun bi hannu da yawa kafin su iso. Babu hoton, babu saƙon. An goge sunayen, an bar lambobi. A sama wani ya rubuta: sababbin buroshi daga ƙasar waje.

"Ina Mai Fentin?" in ji Yaya. "Ina sunan da kika rusa ni a kansa?"

Ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har na ƙarshe. Babu. Dutsen guga yana zaune a kan mayafin Inna, sai da ta ji ƙauri ta ɗaga shi.

Ta miƙa masa wayarsa.

"Naka ma ba ya jiki," ta ce.

Ya karɓi wayar ya fita. Ta ninke mayafin ta inda ƙunar ba za ta fito ba, ta jawo riga ta gaba.