Hoton Baba Simeon

"Ɗaga masa kai kaɗan, Mama," na ce. "Haske ba ya kama goshinsa."

Mama Cecilia ta cusa filo na biyu a bayan mijinta, ta gyara masa wuyan shuɗiyar rigarsa ta zuwa coci, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga har a yi saura. Mun fito da shi bakin ƙofa a kan kujerar katako saboda ɗakin ya yi duhu, ga hadari yana haɗowa ta bayan duwatsu. Baba Simeon ya dube ni da idanunsa da ciwon hanta ya mayar ruwan ɗorawa.

"Manga, shekara tara kana cewa gobe. Yau ne goben?"

"Yau ne, Baba."

"To yi sauri kafin in fasa."

Ni mai hoto ne. Shagona yana bakin hanya a Majidaɗi, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu. Na ɗauki amare, na ɗauki 'yan makaranta, na ɗauki ma'aikatan da sabuwar jiha ta kwaso mana, kowa da kwat ɗin aro. Har ragon wani alhaji na taɓa ɗauka. Amma mutumin da nake jin tarinsa kullum da asuba ban taɓa ɗora masa kyamara ba, don maƙwabci ba ya guduwa, ko haka nake gani. Shi ma bai taimaka ba. In na yi masa zancen sai ya ce, "Ni da aka ɗauka sau dubu a Legas, kai ne za ka nuna mini hoto?"

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, aka ce su je gida su yi ta addu'a, Mama Cecilia ta zo shagona da kanta. Ba ta zauna ba. Ta kira ni da sunan 'yata, kamar yadda ta saba.

"Baban Hamna, ka zo ka ɗauka mini shi. Mai kala nake so, kamar yadda yake. Hoton aure namu ruwa ya tafi da shi lokacin muna bakin kogin Mayo Gwoi. Fuskan babana ya ɓace mini a kai tuntuni, in na rufe ido hula kawai nake gani. Ba na so wannan ma ya ɓace."

Shi ya sa na sa fim mai kala, na zo. Na ɗauke shi shi kaɗai, na ɗauke shi da ita a tsaye a bayansa, hannunta a kafaɗarsa. Sau ɗaya ma ya yi dariya, da na ce ya rufe baki kada a ga wawulo. A ɗauka ta uku na ji hannun naɗin fim ya yi mini sakayau a yatsa. Kowane mai hoto ya san abin da ake yi a nan: ka dubi ɗan mariƙin hagu ka ga ko yana juyawa, kallo ɗaya ne. Amma yayyafi ya fara sauka, kan Baba ya fara rinjayar wuyansa, Mama tana cewa in hanzarta. Na ce wa raina gajiya ce, na ci gaba da latsawa.

Da muka mai da shi gado ya ce a sauko masa da gwangwaninsa. Gwangwanin biskit ne da yake rataye a jikin azara, shi ya sa ruwa bai same shi ba a wancan gidan. Hotuna bakwai ne a ciki, baƙi da fari, gefunansu sun yi ja. Duk Majidaɗi babu wanda bai gan su ba, wasu ma ba da son ransu ba.

Da ƙuruciyarsa ya yi shekara uku a wani filin wasan yara a Legas, inda akwai lilo mai juyawa da wani roka na kwano da ba ya zuwa ko'ina. Aikinsu su uku shi ne su sa fararen kayan 'yan sama jannati, da takalma kamar turmi, da wata ƙatuwar hula mai baƙin gilashi, su yi ta yawo a hankali suna ɗaga wa yara hannu, ana ɗaukar su hoto. A hotunan nan babu inda fuskar ɗayansu ta fito.

"Zafi, Manga," ya ce, yana shafa na sama da babban yatsa. "In ka cire takalmi da yamma, zufa kake zubarwa kamar ka juye kofi. Yaro ya tambaye ka, Oga, yaya wata yake? Ba a yarda mu yi magana ba. Sai ka ɗaga yatsa haka."

"Wanne ne kai a nan, Baba?"

"Na tsakiya."

"Jiya ya ce na hagu," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Da Fasto ya zo ya ce na dama. Shekara talatin ina tambaya, kowane rana yana canja."

"Duk wanda ya fi kyau, ni ne."

Ta fita ɗebo ruwa. Ya bi bayanta da kallo, ya rage murya. "Gaskiya ni ma ban sani ba. Kayan iri ɗaya ne. Kar ka faɗa mata."

Sai ya zaro na ƙasa, wanda kullum yake tsokanata da shi. Ɗan sama jannati ɗaya ne a durƙushe kusa da wata yarinya mai balan-balan, hoton duk ya karkace kamar ƙasar za ta zubar da su.

"Wannan ni na ɗauka. Mai hoton ya tafi cin abinci, uwar yarinya tana sauri. Ka ga na riga ka shiga sana'a."

"Shi ya sa ya karkace."

"Ɗan banza," ya ce, ya lumshe ido. Ban sake jin muryarsa ba.

Baƙi da fari ni nake wankewa a bayan shagona, amma mai kala sai Yola. Washegari na kama motar farko. Mai injin wankin ya san ni, yakan miƙo mini ambulan ne muna hira. Ran nan sai ya fito da fim ɗin a hannu, ya ɗaga shi sama wajen fitila. Tun daga farko har ƙarshe ruwan shayi ne, fes, babu ko inuwa. Bakin fim ɗin bai kama ba tun da na rufe kyamara. Sau talatin da shida na latsa a banza.

A mota ina ta lissafin yadda zan sake fito da shi bakin ƙofa gobe, har na shirya ƙaryar da zan yi masa, cewa ya rufe ido a duka. Da na sauka na shigo layinmu bayan la'asar, sai na tarar an jera bencunan coci a ƙofar gidansu, matan zumunta suna waƙa a ciki ƙasa-ƙasa. Matata Uwani tana tsaye a bakin katanga da tulun kunun da ta dama musu.

"Tun azahar," ta ce. "Ya sha ruwa cokali biyu, ya juya bango. Ka kawo?"

Na wuce ta na shiga gidan.

Mama Cecilia tana zaune a tabarma a tsakiyar mata. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa, idonta a kan jakata.

"Ba su gama ba, Mama. Sai gobe."

Kalmar ta fita kafin in kama ta. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na tashi na fita kamar an kore ni.

Da safe na same ta a bayan gida tana wanke shuɗiyar rigar, don a cikinta za a sa shi. Na zaro fim ɗin na nuna mata, na faɗa mata yadda aka yi, ban ɗora wa ruwa ko injin Yola ba. Ta share hannu a zani, ta karɓa, ta ɗaga shi sama kamar yadda ta ga na yi. Ta bi shi a hankali tun daga wannan baki har wancan.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Mama."

"Har wanda ya yi dariya?"

Na gyaɗa kai. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta naɗe fim ɗin da kyau ta miƙo mini, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin.

"Fasto ya ce mai buga takarda yana jira, jibi ne jana'iza. A coci namu ba a binne babba babu hoto a gaban takarda. Ka zaɓa ɗaya. Kai ne mai hoto, wataƙila za ka gane wanne ne shi."

Na rufe shago rabi, na baje su a kan tebur, na ɗauko ɗan gilashin da nake duba fim da shi, mai ƙara girman abu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman alama, tsayi ko tsayuwa ko yadda yake sake kafaɗar hagu. Babu. Kayan sun haɗiye su duka, buhu uku ne a tsaye. Na shida na ajiye, saura karkataccen, wanda na san ba ya ciki. Na ɗora gilashin a kansa don kawai kada a ce ban duba ba.

Baƙin gilashin hular mutumin da ke durƙushe ya ɗauko duk abin da ke gabansa kamar madubi. Ga lilon a lanƙwashe, ga wata mata da jaka. A tsakiya kuma ga wani a tsaye cikin fararen kaya, hularsa a ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa. Kyamarar irin ta da ce, wadda ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama, saboda haka ba ta rufe masa fuska ba. Ya ɗago kai yana yi wa yarinyar magana, baki a buɗe. Kan bai fi ƙwayar gero ba. Amma ga faffaɗan goshin, ga kunnuwan nan da suka yi waje, ga wuyan a karkace hagu yadda yake yi in zai faɗi abin da zai ba ka haushi.

Na yi ƙoƙarin fito da shi. Na sake ɗaukar wurin da baƙi da fari, wannan karon na dubi mariƙin hagu har sau uku, na shiga ɗakin duhu na ƙara masa girma. Da ya kai girman tafin hannu sai fuskar ta watse ta zama ɗige-ɗige kamar hayaƙi. Na gwada takarda biyar. Mutumin ba ya fitowa sai a inda yake.

Na kai wa Mama hoton da gilashin da rana, na roƙi matan su ba mu wuri a bakin ƙofa inda haske yake. Na nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya, ta kawo ɗayan kusa. Ta daɗe tana neman wurin, gilashin yana zamewa.

"Ba na ganin komai, Baban Hamna. Baƙi kawai."

"Ƙasa kaɗan, Mama. Kusa da jakar matar."

Sai hannunta ya tsaya.

"Yana da gashi," ta ce. Can kuma ta ce, "Ban san shi haka ba. Da ya zo wurin babana ya riga ya fara sanƙo." Ba ta ɗago ba. "Dubi bakinsa. Surutu yake yi. An ce kar su yi magana, shi yana surutu."

Hawaye ya ɗiga a gefen hoton, ta yi maza ta goge da bakin zani.

"Wannan za a buga," ta ce.

"Mama, babban da ke ciki ba shi ba ne. Abokin aikinsa ne. A takarda kuma ƙaramin ba zai fito ba."

"Na ji. Wannan za a buga."

Haka aka yi. Fasto ya ɗan yi gardama, ya ce mutane za su yi dariya a gidan makoki, ta ce mai gidan ma da yana nan da ya fi kowa. Ranar jana'iza na tsaya a waje tare da sauran maƙwabta Musulmi, ina kallon mutane suna fifita da takardar, ɗan sama jannati a durƙushe a karkace, sunan Simeon da shekarunsa a ƙasa. Wani dattijo daga unguwar Sintali ya nuna wa na kusa da shi, ya ce, "Ka gan shi nan, ko a cikin kayan ma na gane tsayuwarsa." Ban gyara masa ba.

Bayan kwana bakwai Uwani ta ce in je in karɓo gilashina, tunda aiki ya tsaya. Na ce mata zan sayi wani in na je Yola.

Ban ƙara shiga gidan ba sai da dalili, har yanzu nauyinta nake ji, ko da yake ba ta taɓa tayar da zancen ba. Amma katangarmu gajeriya ce. Da hantsi, in rana ta kai bakin ƙofarsu, nakan gan ta a kan kujerar katakon nan, gwangwanin a cinya, ta sunkuya, ido ɗaya a rufe. Wani lokaci shayinta yana gefe har ya huce.