Ramin Dogo

Ranar da aka sa wa Dogo robar fitsari, nas ta yi masa bayani dalla-dalla. Wani tsiro ne ya toshe masa hanya, kuma ba za a yi masa aiki ba sai jikinsa ya yi ƙwari. Kafin nan robar za ta zauna a jikinsa, fitsari ya riƙa gangarawa cikin wata leda da aka ɗaure masa a ƙauri. Abin da ta fi nanatawa shi ne ledar ta kasance ƙasa da mararsa koyaushe, kada kuma robar ta toshe. Dogo ya gyaɗa kai kawai. Shi da ya yi furfura yana ja wa motoci tiyon mai, yau shi ake koya wa yadda ruwa yake gangara.

Matsalar ita ce Dogo bakanike ne na ƙarƙashin mota. Kuloci, akwatin giya, salansa, duk a kwance yake yin su a kan kwali. Wanda kuwa ya kwanta a ƙasa, wane ƙasa ya rage masa da zai ajiye leda?

Ƙanensa, wanda suke garejin tare, ya riga ya yanke hukunci. Ya ajiye kujera a inuwa, ya ce Yaya ya zauna ya riƙa ba da umarni. Duk wanda ya tambaya kuwa, sai ya ce masa ciwon baya ne. Ba mugunta ba ce, kunya ce, kuma kunyar nan ta fi shi kansa ciwon ci wa Dogo rai. Haka ya zauna yana kallon baƙin mai yana fita daga ƙarƙashin farcensa. Bai taɓa tsanar wani abu kamar tsabtar hannun nan ba.

Wata safiya ƙanen ya tafi sayen kayan gyara, sai ga wata bas da kulocinta ya ƙone. Dogo ya yi tunani irin na bakanike: tiyo in an matse shi, abin da ke ciki ba ya komawa baya. Ya ɗauki ɗan ƙarfen da suke matse tiyon mai da shi, ya matse robar, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota. Daɗin aiki ya sa ya manta da kansa har rana ta juya. Bas ta tafi lafiya lau. Dogo kuwa mararsa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, sai ɗaukarsa aka yi zuwa asibiti.

Nas ɗin nan ce dai. Ta juya ƙarfen a hannunta, ta dube shi. "Baba, kai ba mota ba ne."

Ta yi masa faɗa son ranta, matarsa tana gefe tana share hawaye tana cewa a ƙara masa. Da suka gaji, ya tambayi nas ko an hana shi aiki a tsaye. Ta ce a tsaye kam ya yi abin da ya ga dama, muddin ba ɗaga kaya masu nauyi zai yi ba. Duk faɗan da aka yi, wannan kaɗai ya shiga kunnensa.

Yana samun sauƙi ya kira leburori, ya zana musu layi a tsakiyar gareji, ya ce su haƙa. Da yake ba banza ake ce masa Dogo ba, ramin ya yi zurfi sosai. Ƙanensa ya ce wannan taurin kai ne, ciwo ba ya son gardama. Dogo ya tuna masa wanda ya koya masa riƙon sifana. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da su ya leƙo, ya ce ashe Dogo kabarinsa yake haƙa tun da ransa.

"Ko kabari ne," in ji Dogo, "a tsaye zan shige shi."

Aka yi wa ramin siminti da matakala. Motar farko da ta hau kansa ta wani tsohon direban tasi ce. Dogo ya sauka, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya taɓa cikin mota, mai ya ɗigo masa a goshi. Farin ciki ya kama shi har sai da ya dakata kafin ya iya kama noti.

Da ya gama yana hawowa, wandonsa ya maƙale a bakin matakala, ya tattare har gwiwa. Ga leda nan a fili, ta kusa cika, rana tana haska ta. Direba ya kawar da kai. Mai faci ya haɗiye dariyarsa. Ƙanen ya yi wuf ya tsaya a gabansa don ya kare shi, ya fara maganar ciwon baya.

Dogo ya kama kafaɗarsa ya matsar da shi gefe. Kunya ta taso masa, amma bai taɓa wandon ba.

"Bayana lafiyarsa ƙalau," ya ce wa direban. "Fitsari ne. Kai ma kana ɗauke da naka, ba a gani ne kawai. Tayar da motarka mu ji."

Direba ya tayar, ƙarar da ta kawo shi ta ɓace. Dogo ya ratsa garejin zuwa bayi da wandonsa a tattare, ba sauri, ya zubar da abin da ke ledar, ya wanke hannu. Da ya fito, tasi ta tafi, ƙanensa kuma yana lallaɓo wata motar a hankali zuwa kan ramin. Ya leƙo ta taga, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ta tsaya daidai?"

"Ƙara matsowa kaɗan," in ji Dogo, ya fara sauka.