Safiyar Inna Mai Ɗinki

"Ba zan tafi ba, Yaya."

Auta ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana durƙushe a gaban gadon Inna mai ɗinki, tsohuwar da ke haya a ɗakin da ke jikin nasu, tana tsoma auduga a kofi tana jiƙa mata leɓe. Yayanta na tsaye a bakin ƙofa, makullin babur a hannu.

"Ba shawararki nake nema ba. Tashi. Ba ke kika hana kowa sakat ba, sai kin bar sashenku na jami'a kin koma karatun jinya? To yau ne za a gana da ku masu neman gurbi. In kika rasa, sai baɗi."

"Saurari numfashinta."

Ya saurara. Tsohuwar ta ja iska da ƙyar, sai shiru, shiru mai tsawo, sannan ƙirjin ya sake ɗagawa.

"Ai tun jiya haka take."

"Jiya ba ya yankewa."

"To ke za ki hana? Tana da ɗa."

"Na kira har na gaji."

Ya leƙa tsakar gida. Kowace ƙofa da kwaɗo, kowa ya fita nema. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye haka gidan yake mata: sannu daga bakin labule, a wuce. Auta ce ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta sauya leda, ta wanke zannuwa, sannan ta ruga aji. 'Yan ajinsu kan matsa gefe, wai tana warin asibiti. Ita kuwa sai ta ƙara baje littattafanta a kan bencin. Inna kan ce, da karkataccen bakinta, "Nas ba allura, zo ki juya buhunki."

"Masu ganawar nan ba su san wata Inna ba," in ji Yaya.

"Ni na san ta."

"Taurin kan nan naki zai ci ki. Kada ki ƙara kawo mini maganar makaranta."

Ta ji tashin babur, ta ji ya yi nisa.

Da hantsi ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗar tsohuwar, ta juyo da ita, ta tokare bayan da matashi. Ido ɗaya ya buɗe.

"Ba ki tafi ba?"

"An ɗaga, Inna."

"Maƙaryaciya." Leɓen ya motsa kamar zai yi dariya. "Hannunki da sanyi."

Auta ta murza tafukanta har suka yi ɗumi, ta riƙe mata yatsu. Ta sunkuya tana faɗa mata kalmar shahada a kunne, a hankali, tana maimaitawa. Can shirun ya zo, ta jira ƙirjin ya ɗaga. Bai ɗaga ba.

Ta shafe idanun. Ta jawo wani ƙyalle daga ragowar yadin da ke ƙarƙashin keken ɗinki, ta ɗaure haɓar, ta miƙe ƙafafun. Sannan ta fita titi neman wanda za ta faɗa wa.

Ɗan ya iso bayan la'asar, gida cike da mutane. Ya dubi Auta, ya tambayi na kusa da shi, "Wannan fa, 'yar wa ce?"

Washegari ta je makarantar jinyar. Matar ofis ta ce an cike gurbi.

"Me ya hana ki zuwa?"

"Aiki na yi."

Ba ta roƙa ba. Ta dawo a ƙafa. Shekara guda ta tafi ke nan, Yaya kuma ya daina amsa gaisuwarta. Ta ja katifar Inna zuwa rana, ta jingina ta da bango, ta zauna a inuwarta ita kaɗai.