Wayar Audi Ba Ta San An Raba Gado Ba

Da aka raba gadon Audi a Ruwan Godiya, gona ta tafi inda za ta, tumaki ma haka, wayarsa kuma ta faɗo a kason matarsa Talatu. Malamin da ya yi rabon ya miƙa mata ita a gaban shaidu, kowa ya sa albarka. Wayar ce kaɗai ba ta ji wannan hukunci ba. Duk sanda aka kunna ta sai ta nemi lambobin sirri, su kuwa lambobin an binne su tare da mai su.

Talatu ba kira take son yi da ita ba, tana da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila. Damuwarta 'yarta ce, Zulfa, wadda tana goye uban ya rasu a haɗarin babur. Yanzu bakin yarinya ya buɗe, ta ishi kowa da tambayar yaya kamannin Baba suke. A duk gidan kuwa babu hoton Audi ko ɗaya. Mutum ne mai kunyar tsiya, ko a wurin biki aka ɗaga waya sai ya zame, katin zaɓensa ma ya ɓace ranar haɗarin. Abin da ya rage wa Talatu shi ne zaton ko akwai fuskarsa a cikin wayar nan.

Ran nan ta roƙi wan mijinta, Malam Yahya, ya raka ta Faskari, rumfar Yahuza mai gyaran waya. Yahuza ya juya wayar, ya duba bayanta, ya dubi mutanen.

"Ina kwalinta? Ko rasit?"

"Wane kwali?" in ji Malam Yahya. "Ta ƙanena ce, Allah shi jiƙan shi. Gado aka raba, ta zama ta wannan baiwar Allah."

"Baba, ka yi haƙuri. Ƙungiyarmu ta hana buɗe waya ba shaida. Wani abokin sana'armu ya buɗe ta sata bai sani ba, sai da ya kwana hannun 'yan sanda. Su kansu masu ƙera ta ba su son a taɓa. A wurinsu jikin waya ka saya, cikinta kuwa sai yadda suka ce."

Malam Yahya ya fusata. "To su ɗin suna wurin da aka yi rabon gadon? Abin da shari'a ta ba ta, wani can wanda bai san hanyar Ruwan Godiya ba shi hana ta?"

Gaskiyarsa ce kuwa. Mutum in makullin ɗakinsa ya ɓace, maƙeri yake kira a ɓalle kwaɗo, ba wanda ke neman iznin masu ƙera kwaɗon. Amma shi ma Yahuza ba za a ga laifinsa ba, wayoyin sata sun yi yawa, kuma kowane ɓarawo da labarinsa mai ban tausayi. Sai da aka kira malamin da ya raba gadon, ya yi bayani da bakinsa, sannan Yahuza ya jawo kwamfutarsa, ya dubi Talatu.

"To Yaya, in wanke ta ke nan?"

"Ai wankin ya kawo ni, Malam," in ji Talatu.

Nan fa aka yi magana ɗaya, kowa ya ji tasa. A bakin masu gyara, wanke waya shi ne a goge duk abin da ke cikinta ta koma fayau, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta rabuwa da lambobin sirri. Ita kuwa Talatu wankin da ta sani shi ne na mai hoto, a fito maka da hotonka a takarda. Yahuza ya jona igiya, ya latsa nan, ya latsa can, saura latsawa ɗaya.

"In da hali," Talatu ta ce a hankali, "a wanke mani babba guda, wanda zan rataya a ɗaki. Ɗiyar shi nike so ta riƙa ganin shi."

Hannun Yahuza ya tsaya a sama. "Mi za ki rataya?"

"Hoton marigayin mana."

Ya yi salati, ya zare igiyar da sauri kamar ya taɓa garwashi. Da ya yi mata bayanin abin da ya kusa aikatawa, sai Talatu ta lallaba ta zauna a kan benci.

Akwai wata hanyar, in ji Yahuza. A karya makullin ta bayan gida, a bar cikin yadda yake. Wannan ita ce ainihin wadda masu ƙera waya suka fi ƙi, tana cin lokaci, kuma ba kowace waya ke yarda ba. Sa'ar da aka yi, wannan tsohon yayi ce. Ya sallami sauran masu jira, ya duƙufa. Aka yi azahar aka dawo, yana nan yana gumi. Can wajen la'asar fuskar wayar ta haska, ba ta nemi komai ba.

Ya miƙa wa Talatu, ya nuna mata yadda za ta riƙa turawa da yatsa. Masara ta fito. Tumaki. Buhun taki. Wata masarar kuma. Malam Yahya ya yi tsaki, ya ce ƙanen nan nasa har a waya noma yake yi.

Daga nan sai ga Talatu. Ga ta tana daka, ba ta san ana ɗauka ba. Ga ta tana shanya, da tsohon ciki. Ga ta ta yi barci a tabarma, jaririya a ƙirji, baki buɗe, ɗankwali ya zame. Ta tura, ta tura, ita ce dai. Malam Yahya ya kawar da kai, ya ce bari ya leƙa wurin masu taki. Har ta kai ƙarshe, Audi bai fito ba ko sau ɗaya, tunda shi ke riƙe da wayar.

Abin ya yi mata ciwo, don ta san ba ta da abin da za ta kai wa Zulfa. Amma hotunan nan sun nuna mata wani abin da ba ta sani ba. Mutumin nan duk zaman da suka yi bai taɓa yaba ko da zanen jikinta ba, har ta haƙura ta ɗauka haka Allah ya yi shi.

"Akwai bidiyo guda," in ji Yahuza, ya latsa mata.

Bayanta ne ya fito, tana tankaɗe a tsakar gida. Sai murya ta taso daga bayan wayar, ƙasa-ƙasa, da dariya a cikinta: "Ke, juyo mana in gan ki."

Talatun cikin waya ba ta ji ba, tankaɗenta kawai take yi. Ta kan benci kuwa ta kai wayar kunnenta da hannu biyu.

"Malam," ta ce, "nuna mani inda ake latsawa shi sake hwaɗi."