A Duba Nan, Murmushi!

Tun da suka tare a gidan nan, Baba Murmushi da matarsa suke gardama a kan tsuntsu ɗaya. Tsuntsun yana zama can a ƙololuwar tsohuwar bishiyar da ke filin bayan katangarsu, kuma da gari ya waye zai hau rera waƙa kamar an biya shi. Uwargida ta ce ƙirjinsa ja ne wur, da idonta take ganinsa ta tagar kicin idan tana dafa shayin safe. Baba ya ce ruwan ƙasa ne tun daga baki har wutsiya, shi ma ai ba da aron ido yake kallonsa ba idan ya dawo daga shago da yamma. 'Ya'ya suka taso a cikin gardamar, suka yi aure suka bar su da abarsu. Wataƙila ma tsuntsun farko ya daɗe da mutuwa, jikansa ne ya gaji reshen, amma wannan bai taɓa damun kowa ba.

Sunan Murmushi kuwa sana'a ce ta ba shi. Mai hoto ne, mai shago da labule da kujerar zama, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamararsa ya san ba ya danna maɓalli sai ya daka tsawa: "A duba nan! Murmushi!" Amare sun sha wannan tsawar, 'yan makaranta sun sha, har masu hoton fasfo da aka hana su murmushin ba su tsira ba.

Wata safiya aka wayi gari tifa ta juye yashi a filin. Baba ya leƙa ta katanga ya tambayi shugaban magina, aka ce masa an sayar da wurin, bishiyar kuma ƙarshen wata za a sare ta. Ya dawo ya zauna gaban shayinsa yana shirya yadda zai faɗa wa Uwargida, sai ta riga shi magana.

"Malam," ta ce, tana kallon taga, "wataƙila fa kai ke da gaskiya."

"A kan me?"

"A kan tsuntsun. Yanzu in na duba, ɗigo kawai nake gani, babu ja babu komai. Ko dama can idona ne yake yi mini ƙarya, oho."

Shayin ya kusa sarƙe shi. Ya san idonta ya yi rauni, tare suka je aka ba ta tabarau, amma na karatu ne, ba ya kai ta nesa. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne matar nan za ta sallama. Shekaru yana jiran wannan rana, ga ta ta zo, kuma bai ji daɗinta ko kaɗan ba. Tsoro ma ya ji. Nan take ya ƙudurta cewa kafin gatari ya taɓa bishiyar nan sai ya ɗauko mata tsuntsun a hoto, babba, wanda za ta gani ba tare da ta matse ido ba.

Matsalar ita ce kyamararsa ta ɗaukar mutane ce, waɗanda ake ce wa su matso su matso. Da ya auna ta sama ya ɗauka, ganye ya samu da wani abu mai kama da ƙuda. Sai ya rataya ta a wuya ya nufi kasuwa, wurin Dogo mai gyaran kyamara, wanda shagonsa ke maƙale a ƙarƙashin matakalar wani bene.

"Baba, yau kai ne da kanka?" in ji Dogo, yana share masa kujera. "Me ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace. Dogon ido nake so, lens ɗin nan da ke jawo nesa kusa. Tsuntsu zan ɗauka."

"Tsuntsu? Aure zai yi?"

"Kai dai fito da kaya, ka bar surutu."

Dogo ya fara ɗauko wani fari ƙal, sabo, mai tsawon zira'i. Ya ce wannan da kansa yake bin tsuntsu ko yana tashi, ko hannunka na rawa ba ruwansa. Baba ya karɓa ya leƙa, ya hango wata mata a can ƙarshen layi tana ƙirga canji, har zoben hannunta. Ya tambayi kuɗinsa. Da Dogo ya faɗa, Baba ya miƙa masa abinsa da hannu biyu, a hankali, kamar mai mayar da jaririn mutane.

Na biyun ɗan ƙarami ne mara nauyi, kuma aljihun Baba zai iya da shi. Har ya fara washe baki, sai Dogo ya tambaye shi tsawon bishiyar da tsuntsun ke sauka.

"Ta fi benen nan."

"To ajiye shi. Tsuntsun naka daga ƙuda zai koma ƙudan zuma, shi ke nan ci gaban da za ka samu."

Daga nan Dogo ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Abin da ya fito da shi baƙi ne, na hannu, fentinsa ya koɗe, bakinsa ya ɗan lotsa, ga nauyi kamar taɓarya. Ya buɗe shi gaba da baya ya haska tocila a ciki, ya ce Baba ya duba da kansa. A tsohon lens, in ji shi, ba jiki ake kallo ba, gilashi ake kallo: in ka ga fumfuna kamar saƙar gizo ko hazo a ciki, gudu. Wannan kuwa garau yake.

"Amma zan gaya maka aibinsa, kada gobe ka zage ni," in ji Dogo. "Ba ya saita kansa, da hannu za ka murza har hoto ya fito. Yana da cin haske, sai da safe in rana ta ɗaga. Kuma hannunka ba zai riƙe shi ba, sai ka ɗora shi a kan sandar kyamara mai ƙafa uku. Kada ka ce za ka bi tsuntsu da shi. Ka zaɓi reshen da yake sauka, ka saita a kai, ka jira ya zo ya same ka."

"Kai yaro, da hannu muka koyi aikin nan tun ba a haife ka ba. Nawa?"

Ko wannan ɗin ma ya ɗan fi ƙarfinsa. Aka yi ta ja, Dogo yana rantsuwa, Baba yana miƙewa kamar zai tafi yana komawa ya zauna. Daga ƙarshe ya cika da ɗaya daga cikin fitilun shagonsa masu lema, wadda dama tun da kowa ya koma ɗaukar hoto da waya ba ta cika aiki ba. Ya dawo gida rungume da kwali, baki har kunne.

"Wannan kuma bindigar ta mece ce?" in ji Uwargida.

"Ta farautar gaskiya ce. Ki zuba ido."

Washegari bai buɗe shago da wuri ba. Ya kafa ƙafa uku a tsakar gida, ya ɗora dogon ido, ya murza har reshen ƙoli ya fito masa fes, ana ganin tsagar ɓawonsa. Bai daɗe ba tsuntsu ya sauka. Baba ya leƙa. Ruwan ƙasa ne, tun daga baki har wutsiya. Bai taɓa cin gardama ya ji baƙin ciki irin wannan ba. Duk da haka ya ɗora yatsa a maɓalli, kuma kafin ya ankara bakinsa ya yi abin da ya saba.

"A duba nan! Murmushi!"

Fir, tsuntsu ya tashi. Hoton reshe ya fito da kyau ƙwarai.

Daga kicin aka fashe da dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba, har da buga murfin tukunya. "Malam, tsuntsun kake ce wa ya yi murmushi? Da wane leɓen?"

"Suɓutar baki ce. Gobe za ki gani."

"Wane launi ka gani?"

"Bai tsaya ba," ya ce, ya shiga goge gilashin da babu ƙura a kansa.

Gobe ta zo, bakin ya sake suɓucewa. Jibi ma haka. Ya gwada cusa hankici a baki, sai ga wata sabuwa: in baki bai yi magana ba, yatsa ba ya dannawa. Tsuntsu zai sauka ya gyara gashinsa ya yi hamma ya tafi, yatsan Baba yana kan maɓalli a sandare, yana jiran umarni. Ya gwada faɗa a zuci, yatsa ya ƙi ji. Ya gwada raɗa, raɗar ta fito da ƙarfin da karen maƙwabta ya amsa. Magina ma suka gano wasan, da sun ga ya sunkuya kan kyamara sai su ajiye cebur su jira tsawar, wani lokaci har su taya shi.

Uwargida kuwa kujera ta fito da ita tsakar gida, kullum safe, da kofin shayinta. Ta ce tun da aka yi talabijin ba ta ga shirin da ya kai wannan ba. Baba yana jin daɗin dariyarta, amma kwanaki suna ƙarewa. Hotunan reshe sun taru, ginin yana matsowa gindin bishiya, kuma duk tsuntsun da ya hango a gilashin nan ruwan ƙasa ne. Ya rasa wanne ya fi muni: ya kasa ɗauka, ko ya ɗauka ya kawo mata shaidar cewa duk shekarun nan idonta ƙarya yake mata.

Ranar da masu sara suka iso da igiyoyinsu, Baba ya leƙa ta katanga ya roƙi shugaban magina su ɗan dakata rana ta ɗaga. Mutumin ya yi dariya ya ce ai ko don su ji tsawar ƙarshe za su jira. Baba ya saita reshe. Uwargida ta zauna a bayansa, yau ba ta tsokane shi ba.

Tsuntsu ya sauka, mai ruwan ƙasan nan, ya juya wa kyamara baya. Sai ga wani ya sauko kusa da shi, ya ɗaga kai ya fara waƙar da suka sani. Baba ya ƙifta ido. Biyu ne. Amma dukansu sun ba shi baya, suna kallon inda masu sara ke warware igiya, kuma bayansu iri ɗaya ne, babu mai bambanta su. Ya jira. Ba su juyo ba. Ya ƙara jira, ɗayan ya fara ɗaga fiffike alamar tafiya.

To, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar ango da amarya ya san abu ɗaya da ake yi wa mutum biyu da suka ƙi kallon kyamara. Wannan karon ba suɓuta ba ce. Ya cika ƙirji da iska ya saki murya gaba ɗayanta.

"A DUBA NAN!"

Ko sabo ne ya sa, bayan kwanakin da suka yi suna shan tsawa, ko mamaki, Allah masani. Ba su tashi nan take ba. Suka juyo tare, suka karkata kai suna duban tsohon nan mai hayaniya, yatsa ya danna, sannan suka yi sama. Magina suka ɗau tafi daga bayan katanga.

"Ka samu?" in ji Uwargida.

Baba ya duba bayan kyamarar, ya rufe da tafin hannu. "Ba a nuna wa mutum hotonsa sai an wanke."

Bai tsaya ganin faɗuwar bishiyar ba, kuma ya ji daɗin hakan. Da yamma ya dawo da hoton a naɗe, mafi girman da injin wankin ke iya fitarwa, ya shimfiɗa shi a kan teburin cin abinci ya danne gefunansa da kofuna. Tsakar gida ta yi wani irin haske da ba su saba da shi ba, sama ta buɗe inda bishiyar take a da. Uwargida ta saka tabarau ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar.

Tsuntsaye biyu ne a reshe ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon mai kallonsu ido cikin ido. Na hagu ruwan ƙasa, tun daga baki har wutsiya. Na dama kuwa ƙirjinsa ja wur, kamar an zuba masa barkono.

Ta ɗora yatsa a kan jan, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Baba ya ga ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, shi ma ya juya yana gyara kofin da ba ya bukatar gyara. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ashe mata da miji ne," ya ce. "Ke kina ganin maigidan da sassafe, ni kuwa uwargidan nake tararwa, ko da hantsi ko da yamma. Kin ga kenan kowa da gaskiyarsa."

Ta mayar da tabarau ta ɗago ta dube shi, da irin kallon nan da ya yi makonni yana kewa.

"Wace kowa da gaskiyarsa? A kan mai waƙa muke gardama, Malam. Mai waƙar kuma nawa ne, ga shi nan, ja."

"Ina kika ji waƙa a hoto?"

"Dubi bakinsa mana, a buɗe yake."

"Wannan ai murmushi ne," in ji Baba, yana jawo kujera ya zauna sosai. "Ni na ce ya yi."